Mayar da tukunyar zoɓo da kunu daga gas zuwa lantarki: tambayoyi da amsoshi

Tun da kuɗin gas ya fara hawa, masu sana'ar zoɓo, kunun zaki, lemon citta da awara suke tambaya ko za a iya dasa wa babbar tukunya hita a ciki, a huta da jigilar silinda. Ana iyawa, kuma dabarar ta daɗe. Waɗanda suka fi gogewa a kanta su ne Turawan da ke dafa giyarsu a gida. A Ingila an cire musu sharaɗin lasisi a 1963, a Amurka kuma shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba su dama a 1978. Sana'arsu ba tamu ba ce, amma buƙatar tafasa lita 30 ko 50 a tukunya ɗaya irin tamu ce, shi ya sa yawancin kayan aikin da za ki gani a intanet da sunan sana'arsu ake tallata su. Inda muka rabu da su shi ne wutar da ke shigowa gida. Tasu tana zuwa kullum da ƙarfinta, tamu kuwa kowa ya san halinta. Saboda haka za ki ga rabin amsoshin nan a kan bango da mita da waya suke, don a can ne aikin yake yin kyau ko ya lalace.

Me ake yi wa tukunyar takamaimai?

Ana huda gefenta kusa da gindi, a zura sandar hita ta ramin ta kwanta cikin ruwa, a ɗaure da noti da zoben roba don kada ta yi yoyo. Kan hitar, inda wayoyi suke, yana waje, a rufe cikin ɗan akwati. Daga nan waya ta tafi wurin makunni da na'urar rage ƙarfi, sannan ta shiga layin gida. Yawanci akan ƙara famfo a gindin tukunyar, domin tukunyar da ke jone da waya ba a ɗaga ta a juye.

Da gaske lantarki ya fi gas araha?

Ya danganta da layin da kike kai, kuma lissafin ba shi da wuya.

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafi daidai da yunit 12.8 na lantarki. Sai dai a ƙarƙashin babbar tukunya, fiye da rabin wannan zafi yana bin gefe ya shiga iska, shi ne zafin da kike ji a ƙafafunki da fuskarki. Abin da ke shiga ruwan bai cika wuce kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ba. Hita kuwa tana nutse a cikin ruwan, kusan duk zafinta a nan yake tsayawa, musamman idan tukunyar a rufe take kuma an naɗe ta.

Idan aka haɗa waɗannan, aikin da kilo ɗaya na gas zai yi, yunit shida da rabi na wuta ne zai yi shi. To ki ɗauki kuɗin yunit ɗaya da kike biya, ki ninka sau shida da rabi, ki gwada da kuɗin kilon gas a unguwarku. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin masu Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya tsaya wajen naira 209. A wannan farashi, kwatankwacin kilon gas ya kama wajen naira 1,350 kafin haraji, wato kusan kunnen doki da gas ɗin kansa a lokacin. Masu sauran layuka, da suke biyan ƙasa da naira 70 a lokacin, nasu bai kai naira 500 ba. Ribar a fili take a wurinsu, amma su ne wutarsu ba ta daɗewa: alƙawarin Band A awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A ganina masu Band B da C ne wannan aiki ya fi yi wa amfani, muddin sun san lokacin da ake kawo musu wuta kuma za su iya tsara dahuwa a kansa.

Hita mai ƙarfin nawa zan saya?

Ɗaga zafin lita 50 na ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin yunit 4.4, a ce 5 da asara. Hita mai wat 3,000 za ta yi wannan cikin awa ɗaya da minti 40 ko kusa da haka. Mai wat 4,500 za ta yi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Lita 20 a kan wat 3,000 wajen minti 40 ne. Lita 100 kuwa a kan wat 3,000 sai kin jira fiye da awa uku, kuma a nan magana ta koma ta hita biyu ko uku da layin wuta mai fes uku, abin da ya wuce wayarin yawancin gidaje.

Ga mai dafa lita 20 zuwa 50, wat 3,000 ya isa. Duk abin da ya haura wannan, kuɗin waya da bireka ne zai haura tare da shi.

Wutarmu tana zuwa ba ƙarfi. Hitar za ta yi aiki?

Za ta yi, amma a hankali, kuma raguwar ta fi yadda ake zato. Ƙarfin hita ba ya sauka daidai da saukar wuta, ninki yake yi. Hitar da aka rubuta wa wat 3,000 a bolt 230, idan wuta ta sauka zuwa 200 sai ta ba da wat 2,270. A 180 ta ba da 1,840. A 160 ba ta kai rabi ba, wajen 1,450. Ruwan da ya kamata ya tafasa cikin awa ɗaya da rabi sai ya kai ki awa uku.

Ƙarancin wutar ba ya lalata hita, ba kamar firji ko injin famfo ba. Lokacinki kawai yake ci. Kafin ki kashe ko sisi, ki sa mai gyaran wuta ya auna layinku a daidai lokacin da kike dahuwa, da asuba ne ko da yamma, kuma ya auna alhali dutsen guga ko wata hita tana kunne. Idan ya sauka ƙasa da 190 da zarar an ɗora masa nauyi, ki haƙura da aikin tukuna. Sitabilaizar da za ta ɗauki wat 3,000 a irin wannan layi tana da tsada sosai.

Tukunyata ta alminiyum ce irin wadda ake zubawa a kasuwa. Za ta yi?

Ban ba ki shawara ba, saboda dalilai uku. Bangonta ba ya zuwa da kauri ɗaya kuma ba sumul yake ba, zoben roba ba zai zauna ya toshe ruwa ba. Zoɓo yana da tsami sosai, kuma tsami yana cin alminiyum. Na uku, irin waɗannan tukwane daga tarkacen ƙarafa ake narka su, kuma wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya samu dalma tana fita daga irinsu idan an dafa abu mai tsami. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ki nemi tukunyar sitenles, ƙarfen da ba ya tsatsa, mai miƙaƙƙen bango da shimfiɗaɗɗen gindi, da murfin da ke zama daidai. Lambar 304 ita ce aka saba amfani da ita a kayan abinci. Faɗinta ya wuce tsawon hitar da aƙalla yatsu uku, kuma girmanta ya wuce abin da kike dafawa da kashi ɗaya cikin huɗu, saboda kumfa.

Me zai hana in jefa hitar bokiti a ciki kawai?

Kada ki yi. Hitar bokiti yawanci ba ta da wayar ƙasa, wato wayar da ke kai wutar da ta hau jikin ƙarfe zuwa cikin ƙasa, kanta na roba yana rataye cikin tururi, kuma fentin da ke jikin ƙarfenta yana ɓarewa cikin abu mai tsami ya shiga abin da mutane za su sha. An yi ta ne don ruwan wanka na 'yan mintuna, kuma ko a can ta sha jan mutane.

Hitar da kike so ita ce wadda sandarta da gindinta duka sitenles ne. Hitar tankin wanka ta banɗaki tana kama da ita, amma da yawansu jan ƙarfe ne, ko kuma gindinsu baƙin ƙarfe ne da zai fara tsatsa cikin makonni. Ki duba rubutun bolt a jikinta ma. Wadda aka yi wa Amurka da bolt 120, idan ta shiga wutarmu ƙarfinta zai ninka kusan sau huɗu ta ƙone nan take. Mai 220, 230 ko 240 ce tamu, a Najeriya ko a Nijar. Shahararriyar hitar Amurkawa mai wat 5,500 a bolt 240 tana aiki a nan, tana ba da wajen wat 5,000, amma tana jan am 22 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya).

Abin da nake dafawa ba zai kama a jikin hitar ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mai sana'a, kuma amsar ta bambanta daga abin sha zuwa abin sha.

Sirrin yana cikin tsawon sandar. Hita biyu za su iya zama wat 3,000 dukansu, ɗaya gajeriya, ɗaya doguwa mai lanƙwasa. Gajeriyar tana tara zafinta a ɗan wuri, duk abin da ya taɓa ta sai ya ƙone. Doguwar ta raba zafin a faɗin jikinta. Ki nemi mafi tsawo da tukunyarki za ta ɗauka, irin wadda aka naɗe biyu ko aka yi mata lanƙwasa kamar igiyar ruwa.

Kunun zaki da koko su ne mafi sauƙi, domin ruwa zalla ake tafasawa a sheƙa a kan ƙullu ko gasara. A nan hita ba ta da matsala ko kaɗan. Kada dai ki zuba ƙullun a cikin tukunyar hitar. Ki buɗe famfo, ruwan ya sauka a wata roba ko tukunya.

Zoɓo da lemon citta suna yi lafiya, da sharaɗi biyu. Ganyen zoɓo, ɓawon abarba, citta da kanumfari su shiga cikin jakar yadi mai tsabta ko kwandon sitenles da ke rataye sama da hitar, kada su kwanta a kanta. Wannan ma yana rage miki wahalar tacewa. Sukari kuma sai bayan an kashe wuta ko an juye.

Madarar waken suya ita ce mai wuyar sha'ani. Tana liƙewa a jikin duk abu mai zafi, ta yi ƙanzo, kuma da zarar ta fara ƙauri duk awarar ta ɗauka. Ga kumfa da ke tasowa farat ɗaya. Mai awara tana da hanya biyu: ko ta yi amfani da doguwar hita a rabin ƙarfi tana juyawa ba tsayawa, ko a yi mata tukunya biyu, hita tana cikin ruwa a babbar, madarar tana cikin ƙaramar da ke zaune a ciki. Hanya ta biyu ba ta ƙona komai, amma da ƙyar take kai madarar ga cikakkiyar tafasa, kuma madarar waken suya dole ta dahu sosai. Gaskiya, idan awara ce kaɗai sana'arki, na fi son ki bar madarar a kan gas, ki bar wa lantarki ruwan zafi. Kunun gyaɗa da duk abu mai kauri, hukuncinsu ɗaya da ita.

Matata ce ke sana'ar, ni zan yi hudar. Yaya ake huda sitenles?

Malam, ka sayi hitar tukuna, ka auna gindinta, sannan ka huda. Girman rami ya bambanta: hitar Amurka mai haƙoran inci ɗaya tana son ramin milimita 32, wasu na Ingila da Sin suna son 40 ko fiye. Ramin da ya yi faɗi ba ya komawa.

Ka sa alama wajen santimita 5 zuwa 7 daga gindi, sama da inda bango ya fara lanƙwasa, nesa da mariƙi, kuma ba a saitin famfo ba. Ka buga ɗan tabo da ƙusa, ka fara da ƙaramin bakin diril, sannan ka koma mai matakala. Sitenles yana da hali guda: idan ya yi zafi a ƙarƙashin diril sai ya ƙara tauri, bakin ya dakushe yana ta juyawa a banza. Don haka a hankali ake juyawa, a danna da ƙarfi, ana ɗiga mai, ana hutawa. Idan ka ga ƙarfen ya fara yin shuɗi, ka yi sauri da yawa. Bayan ka gama ka goge bakin ramin da zarto da sanfefa har yatsa ya wuce ba kaifi, domin ɗan kaifi kaɗan ya isa ya yanka zoben roba.

Idan ba ka da kayan, masu aikin ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano sun saba da irin wannan. Ka tafi da hitar a hannu.

Ɗaurin noti ya fi, ko walda?

Noti da zobe sun isa ga yawancin mutane, kuma suna barin ki cire hitar ki wanke. Zoben ya zama na silikon, wanda ke jure zafi sama da digiri 200, ba baƙar robar famfo ko yankan tayar babur ba. Kada a ɗaure fiye da kima, zoben zai fito ta gefe ya fara ɗiga. Walda ta fi ƙarko idan mai waldar agon ne ya yi, ya liƙa soket ɗin sitenles da hitar za ta shiga. Waldar lantarki ta ƙofa da taga tana ƙona siririn bango ta bar wurin da zai yi tsatsa. Kada a kusanto da dalmar masu gyaran rediyo.

Zan iya jona ta a soket ɗin kicin?

Soket mai baki uku da muka saba da shi iyakarsa am 13. Hitar wat 3,000 tana jan am 13 cif, kuma za ta yi awa biyu tana ja. Soket mai kyau zai yi zafi, na jabu zai narke. Wat 2,000 na iya zama a soket mai kyau. Daga nan zuwa sama, tukunyar tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin rabon wuta.

Ga wat 3,000, waya 2.5 ta jan ƙarfe da bireka am 20. Ga wat 4,500 zuwa 5,500, waya 4, ko 6 idan tafiyar da nisa, da bireka am 32. A ƙarshen layin a sa makunni irin na murhun lantarki, mai yanke waya biyu, ko shuɗin soket irin na masana'antu. Wayar da ke zuwa jikin tukunya ta zama mai laushi, mai rigar roba mai jure zafi. Ban da wayar ƙari da ake jonawa a ja ta tsakar gida. A kula da wayar da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe alhali cikinta alminiyum ne: a kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya fito a mayar wa mai shago.

Idan gidan haya ne kuma mita ɗaya kuke sha, ki yi magana da maƙwabta kafin aiki, ko a sa miki ƙaramar mita a layin tukunyar. Yunit biyar a rana ba ya ɓoyuwa.

Gidanmu ba wayar ƙasa. Dole ce?

Dole ce, kuma a nan ba na sassautawa. Tukunyar ƙarfe ce, cike da ruwa, kina riƙe da ita da jiƙaƙƙen hannu, wataƙila ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, yara suna wucewa. Ranar da rigar hitar ta tsage daga ciki, kuma kowace hita tana da ranarta, wuta za ta hau jikin tukunyar gaba ɗaya.

Abu biyu ne ke tsakaninki da wannan. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, a ɗaure ta da noti a jikin tukunyar kanta da akwatin kan hitar, ta tafi har sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai danshi. Na biyu na'urar da ake kira RCD ko ELCB, mai lamba 30mA. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan ta ga ɗan bambanci sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Bireka ba ta yin wannan aiki. Bireka waya take karewa daga gobara, wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ta motsa ta ba. A jikin RCD akwai ɗan maɓallin gwaji, ki riƙa danna shi duk wata. Idan tana yawan faɗuwa, akwai ruwa a kan hitar ko hitar ta fara mutuwa. Duk mai gyaran da ya ce a cire ta a huta, ki sallame shi.

Yaya zan rage wuta idan ya tafasa?

Hita ita kaɗai ba ta san komai ba sai kunnawa da kashewa. Amma riƙe tafasa ba ya buƙatar ƙarfin da ya kawo ruwan ga tafasa, kuma kowace litar da ta tashi a tururi ta tafi da yunit 0.6 na kuɗinki.

Hanya mafi sauƙi ita ce hita biyu ƙanana, kamar wat 1,500 kowace, da makunni biyu. A kunna duka har ya tafasa, a kashe ɗaya. Babu abin lalacewa a ciki, kuma ita na fi so ga mai sana'a. Hanya ta biyu na'urar rage ƙarfi mai abin murɗawa, wadda ake kira SCR. Ki sayi wadda lambarta ta ninka hitarki, domin lambobin da ake rubuta musu sun cika ƙari. Ta uku ita ce na'urar da ake kira PID, mai riƙe ruwa a digirin da aka ce, tana aiki tare da ma'aunin zafi da SSR, wato makunnin da take kunna hitar da kashe ta da shi. Tana da amfani idan kina son riƙe abu a digiri 70 ko 80. Ga tafasa kuwa ba ta da dabara, domin ruwa mai tafasa zafinsa ba ya ƙaruwa. Kuma ba ko'ina yake kai 100 ba: a Kano wajen 98 da rabi yake tafasa, a Jos wajen 96 saboda tudu. Wanda ya saita 100 a Jos, na'urarsa za ta yi ta ba da cikakkiyar wuta har ruwan ya ƙafe.

SCR da SSR duka suna yin zafi, suna son faifan alminiyum mai haƙarƙari da iska. Idan suka mutu, yawanci a kunne suke mutuwa, don haka makunni na gaske ya kasance a gabansu.

Idan an ɗauke wuta ina tsakiyar dahuwa fa?

Asarar dahuwar ƙaramin abu ne. Babban haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka dawo da wutar. An ɗauke, kin juye zoɓon kin ƙarasa a gas, kin manta makunni a kunne, da tsakar dare wuta ta dawo ta tarar da hita a busasshiyar tukunya. Hitar da ba ruwa a kanta tana yin ja ta ƙone cikin ƙasa da minti ɗaya, ta narka zoben, wani lokaci ta kama abin da ke kusa. 

Maganinsa kwantakta ce mai maɓalli biyu, kore na kunnawa da ja na kashewa, irin ta injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse. Idan wuta ta tafi sai ta saki, kuma ba ta komawa sai an danna kore da hannu. Duk mai wayarin injina ya san haɗa ta. Ki kuma zana layi a cikin tukunyar, yatsu uku sama da hitar, kada a taɓa kunnawa ruwa yana ƙasa da shi, kuma a kashe kafin a buɗe famfo.

Janareta ko sola za su ja ta?

Janareta zai ja idan babba ne, amma asara ce tsantsa. Ƙaramin janaretan fetur yana mayar da ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na mansa zuwa wuta. Tafasa lita 50 zai sha fetur wajen lita 3, aikin da gas bai kai kilo ɗaya ba zai yi. Batir ma haka: mai bolt 12 da am 200 yana riƙe yunit 2.4, rabi ake iya sha ba tare da an kashe shi ba, wato batir huɗu a tafasa ɗaya. Ki tabbata an ɗauko layin tukunyar kafin canjin layi, don kada ya faɗa kan inbata ko janareta. Inda sola ke da ma'ana shi ne mai faifai da yawa da wutarsa ke yin rara da tsakar rana. Shi zai iya sa ƙaramar hita ta wat 1,000 zuwa 1,500 ta ɗumama ruwa tsakanin hantsi da azahar.

In sayar da silinda da murhun gas ɗina?

A'a. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. A Nijar ma an sha wuya bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba ta a Agustan 2023. Mai sana'ar da ba ta da gas a irin wannan lokaci ta rasa kwastomominta. Ki ajiye tsohuwar tukunya don gas. Ɗora tukunyar hitar a kan harshen wuta yana narka zobe da waya da akwatin, sai dai in hitar irin mai maƙalli ce da ake cirewa a toshe ramin da murfin ƙarfe.

Ba hanyar da ba sai an huda tukunya ba?

Akwai murhun indakshan, mai ɗumama gindin tukunya ta hanyar maganaɗisu. Manyansa suna kai wat 3,500, ƙarfinsu yana raguwa da ƙaruwa da maɓalli, kuma babu sanda a cikin abin sha, don haka ya fi dacewa da madarar waken suya. Sharaɗinsa gindin tukunya ya kama maganaɗisu, ki je kasuwa da ɗan mayen ƙarfe ki gwada, domin sitenles 304 zalla yawanci ba ya kamawa. Rauninsa biyu: gilashinsa yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma kayan cikinsa ba sa jure hawa da saukar wuta kamar yadda hita ke jurewa. Waya da RCD ɗin da aka ambata suna nan a kansa shi ma.

Yaya ake wanke ta?

A cire ta daga wuta gaba ɗaya tukuna, kuma kada ruwa ya taɓa akwatin wayoyi. Bayan kowace dahuwa a goge sandar da soso mai laushi tun tana da ɗumi. Ruwan rijiya da na burtsatse, musamman a wurare masu farar ƙasa irin yankin Sakkwato, yana barin farin ɓawo a jikinta, wanda ke tare zafi ya gajarta ranta. Ruwan lemon tsami ko ruwan kal a cikin ruwan ɗumi, a bar shi rabin awa, yana narkar da shi. Ban da bilic, yana huda sitenles da ƙananan ramuka. Ban da soson baƙin ƙarfe, yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa.

An gama haɗawa. Me za a gwada kafin dahuwar farko?

Kafin a jona wuta, a cika tukunyar da ruwa a bar ta awa ɗaya a kan busasshiyar takarda, a buɗe akwatin kan hitar a duba ko akwai danshi. Sannan mai gyara ya sa mitarsa. Tsakanin bakin hitar biyu, mai wat 3,000 za ta nuna wajen om 17 zuwa 18. Tsakanin kowane baki da jikin tukunya kada ta nuna komai. Tsakanin jikin tukunya da wayar ƙasa ta nuna ƙasa da om ɗaya. A danna maɓallin RCD a ga ta yanke.

Sai a kunna da ruwa zalla har ya tafasa, a zubar da wannan ruwa. Ana cikin haka a riƙa taɓa bayan waya da makunni: ɗumi ba laifi, amma idan hannu ba ya iya zama, akwai noti mai sako-sako ko waya ta yi ƙanƙanta. A kashe babban makunnin gida a sake kunnawa, a tabbatar hitar ba ta tashi da kanta ba. Ki rubuta yunit ɗin mitarki kafin da bayan tafasar, da mintunan da ta ɗauka, ki sake gwadawa bayan kin naɗe tukunyar da bargon da ba ya kama wuta, ki ga nawa ya ragu.